Busasshen Lambatun Tudun Wada

Sharaɗi ɗaya Inna Kulu ta gindaya wa autanta Kailani, kuma ba mai tsawo ba ne. Ta ce ranar da aka zura guga a Tudun Wada ya fito da ruwa, ya zo ya ɗauke ta. Kafin nan kada ya ƙara tayar mata da zancen tashi, don ba ta ga abin da zai raba ta da rijiyar gidansu ta Unguwar Juma ba, ta koma inda ake sayen ruwa a garwa kamar kananzir.

A lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara kuka a Zariya ba. Turawa sun ja igiya a kan tudun da ke bayan Ƙofar Doka, sun yanka filaye layi-layi domin baƙin da aiki ya kawo daga Kano da Katsina da Barno. Kailani ba baƙo ba ne, haifaffen Birni ne, amma gidan gadonsu ya cika ya batse, ga shi ya sayi keken ɗinki, masu albashin da ke kawo ɗinki kuwa duk a waje suke. Sai ya karɓi fili a layin ƙarshe, ya gina zaure da ɗakuna uku. Ɗaya nasa, ɗaya na matarsa Sakinatu. Na ukun, wanda ya fi samun inuwa, ya yi masa daɓe, ya shafe shi da farar ƙasa, ya ja ƙyaure ya rufe. Na Inna ne. Damina biyu ke nan ba mai kwana a ciki sai ƙadangaru.

Kailani yana son uwarsa so irin na auta, wanda ba ya ɓoyuwa. Duk sanda ya gifta ƙofar ɗakin nan sai ransa ya ɗan sosu. Bana kuma abin ya ƙara matsawa, don Sakinatu tana da ciki, uwarta ta rasu, danginta suna can Daura, ba mai yi mata wankan jego sai Inna.

Ba wai mutanen layin ba su gwada haƙa rijiya ba ne. Sun gwada. Ana nitsawa kaɗan sai a ci karo da marmara, inda babu marmara kuma ƙasar ta rufta. Aikin na gwanayen mahaƙa ne masu ƙarafa, a kuma ɗaure bakin da siminti, siminti kuwa ba ya cikin abin da talaka ke saye. Don haka da bazara, idan rafin Kamaca ya ƙafe, sai kowa ya zuba wa 'yan garuwa ido, su da ke tonon yashi a Kubanni su kawo wani ruwa mai kalar kunun kanwa.

Wata rana Malam Salmanu, malamin ayyuka na En'e, ya kawo wa Kailani ɗinkin riga, ya zauna a zaure yana fifita da hularsa.

"Mai Unguwa, albishirinka."

Mai Unguwa dai ba sarauta ba ce aka naɗa shi. Maƙwabta ne suka ɗora masa, don shi kaɗai ne a layin ya san ta wace ƙofa ake shiga ofisoshin Birni.

"Goro," in ji Kailani.

Salmanu ya ce a cikin harajin bana baitulmali ya ware wani kaso domin sababbin unguwanni. Ba shi da yawa. Zai isa rijiyar siminti guda ɗaya tak, sai wani ɗan ƙaramin aiki da abin da ya saura. Masu nema kuwa uku ne: Hanwa, Tudun Jukun, da layin su Kailani. Baturen ayyuka, wanda mutane ke kira Mai Igiya saboda ba ya wuce fili bai auna shi ba, zai zaga ya ga inda aka fi buƙata kafin ya sa hannu. Ranar Talata zai zo.

Bayan la'asar mazan layin suka taru a zauren Kailani. Nagoda, Bakano mai sayar da goro, wanda in ya fara magana sai an kira salla yake tsayawa, shi ya buɗe taro.

"Babban baƙo ne, kuma da alheri zai zo. To da me za mu tarbe shi? Da 'ya'yanmu furu-furu kamar an tono su? Ya nemi ruwan sha mu miƙa masa wannan kunun kanwa? Gobe a ji a kasuwa cewa mutanen Tudun Wada ba su iya ba baƙo ruwa ba."

Nan ya taɓo Kailani a inda yake masa ƙaiƙayi. Salmanu ɗan Unguwar Juma ne, uwarsa Larai ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Duk abin da idon Salmanu ya gani ranar Talata, kafin Laraba yana kunnen Inna. In aka ce mata autanta yana zaune cikin ƙazanta da ƙishirwa, ai ɗakin nan ya zama na ƙadangaru har abada.

"Gaskiyar Nagoda ne," ya ce. "A rufa asiri."

Babu ko mutum ɗaya a zauren da ya tsaya ya tambayi abin da Baturen zai zo gani. Kuma ban ga laifinsu sosai ba. Tun suna rarrafe suke gani, in baƙo zai zo a share ƙofar gida, a yayyafa ruwa, a wanke randa a cika ta, a ɓoye tsumma. Ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake baje wa baƙo talauci.

Daga ranar 'yan garuwa suka shiga sallarsu. Kowane gida ya yi karo-karo, wasu har da sayar da kaji. Aka aro randuna daga ko'ina aka jera a ƙofofin gidaje, kowace da faifai da moɗa a kai. Ran Talata da hantsi aka fara yayyafi. Nagoda ya yayyafa ƙofarsa, ya duba ta maƙwabcinsa ya ga ta fi tasa duhu, ya ƙara. Maƙwabcin ya gani, shi ma ya ƙara. Kafin a jima an bar yayyafi an koma kwarara. A cikin gidaje kuma mata, da suka ga ruwa a wadace karo na farko tun ɗaukewar damina, suka ce ba za a bar su a baya ba. Aka yi wanka, aka yi wanki, aka dirje yara, har wani jaki ya samu rabonsa. Rariyar kowane gida ta shiga amayo ruwan sabulun salo a kan hanya.

Da Mai Igiya ya iso a kan basukur, Salmanu na biye da shi, tayar gaba ta lume cikin laka tun a bakin layi. Ya sauka ya turo ta, takalmansa suna caɓal-caɓal. Aka shimfiɗa masa buzu a kan kujera, aka kawo ruwan da aka tace sau da yawa da sabon ƙyalle, mai sanyi, da fura da nono. Ya sha ya yaba. Ya dubi randunan, ya dubi yaran suna ƙyalli, ya dubi ruwan da ya kwanta a tsakiyar hanya, ya daɗe yana kallonsa.

Yana jin Hausa daidai gwargwado, don haka da kansa ya yi tambayar.

"Mai Unguwa, yaya ruwa a nan?"

"Alhamdulillahi, ranka ya daɗe."

"Kuna shan wahala?"

"Sai godiya, ranka ya daɗe."

Salmanu ya yi gyaran murya. Ya sake yi, har ya zama tari. Ya matso ya ce a hankali, "Malam Kailani, ana tambaya ne ko akwai ƙarancin ruwa."

Kailani ya dubi Salmanu. Ya gane, a daidai wannan lokacin ya gane. Amma ga maƙwabta sun yi da'ira suna murmushi cikin wankakkun riguna, ga randuna cike, ga baƙo da ƙoƙon furarsa a hannu. Ta ina mutum zai fara cewa babu?

"Ana dai lallaɓawa," ya ce.

Daga nan Mai Igiya ya wuce Tudun Jukun, inda saƙon zuwansa bai isa ba, maza duk suna sharar gona. Wani tsoho ya miƙa masa ɗan ruwan da yake da shi a kasko, Baturen ya leƙa ya mayar. Rijiya ta tafi Tudun Jukun.

Amma ba a manta da layin su Kailani ba. Bayan mako biyu Salmanu ya zo da sakamako, yana magana yana kallon ƙasa. Bature ya ce mutanen nan ruwa ya yi musu yawa har sun rasa inda za su kai shi, yana kwanciya a hanya, zai haifi sauro. Ɗan kason da ya saura an ba su domin a yi musu lambatu. Baitulmali zai ba da siminti da magini, su kuma su yi haƙa da gayya.

Ba a mayar wa hukuma da kyauta. Haka suka fito da diga da magirbi a tsakiyar bazara, suka haƙa wa ruwa hanya tun daga ƙofar Nagoda har gangaren Kamaca, maƙogwaronsu a bushe. Da aka zo kwaɓa siminti magini ya ce a kawo ruwa, sai da suka sake yin karo-karo. Lambatu ya fito tsaf, santar-santar, ba a taɓa ganin irinsa a wajen bariki ba. Awaki suka gano yana da sanyi da rana, suka mayar da shi wurin ƙailula. Wata kaza ta yi ƙwai a ciki. 'Yan Birni masu zuwa kallo suka riƙa cewa Tudun Wada ta gina wa ruwa titi, saura a aika masa goron gayyata.

Kailani ya rame a tsaye. Ran Juma'a, bayan masallaci, ya biya gaida Inna kamar kullum, ya same ta a gindin rijiya tana sa jikoki jan ruwa.

"Auta, Larai ta ce ruwa har titi a garinku. Wasu kuma sun ce awaki ke kwana a hanyar ruwan. Wanne ne?"

"Alhamdulillahi, Inna."

Ta dube shi, irin duban da take yi masa tun yana yaro in ya ɓoye wani abu a bayansa. Ta juya wajen jikokinta masu jan ruwa.

Ran Litinin da walaha, Kailani yana kasuwa sayen zare, sai ga Inna Kulu a kan aron jaki, ta tsallake lambatu tana leƙensa. Sakinatu ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta shimfiɗa tabarma, ta durƙusa da ƙyar saboda nauyin ciki, ta tashi ta nufi randa. Inna tana jin moɗa tana kankare gindin randar.

"Zo nan, 'yar nan. Yaushe rabonki da wanke kai?"

Sakinatu ta yi dariya, ta rufe fuska da gefen zane. Da Inna ta matsa, sai ta kwashe labari duka ta faɗa mata, da randunan aro, da jakin da aka yi wa wanka, da "ana lallaɓawa". Ta ƙara da cewa gobe Bature zai dawo duba aikinsa, su maigidanta ma za su zauna an jima a kan yadda za a tarbe shi.

Da la'asar kuwa aka zauna. Kailani ya dawo ya ga Inna, cikin farin ciki da fargaba ya gaishe ta a gurguje ya koma zaure. Nagoda ne ke magana.

"Mutumin nan ya kashe mana dukiya. In ya zo ya tarar da lambatunsa a bushe da kashin awaki, ai mun kunyata shi. A yi karo-karo, a samo ruwa, yana shigowa layi a tuttula a lambatun daga farkonsa, ya ga aikinsa yana gudu."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Sai asabarin ƙofar cikin gida ya ɗaga, Inna ta fito da sandarta.

"Sannunku da shawara, 'ya'yana."

Aka zazzame daga kan tabarma ana gaishe ta.

"Na ji za a sayo ruwan sha a zuba wa awaki a makwanci. Wanda ya zuba ko moɗa ɗaya, ni da shi a gaban liman, ya yi masa bayanin almubazzaranci. Kai Bakano, matarka ta yi wanki a makon nan?"

Nagoda ya buɗe baki, karo na farko a tarihin layin ya rufe shi ba tare da komai ya fito ba. Uwar Mai Unguwa ce, ba mai iya ja da ita. Taro ya watse ana sallama ƙasa-ƙasa. Inna ta ce yamma ta yi, za ta kwana ɗaya, ɗaya tak, kuma a ɗakin Sakinatu.

Da safe ɗan garuwa ya kawo ruwan ranar. Inna ta sa aka dama koko, aka ɗora sanwa, sauran kuma ta zaunar da Sakinatu ta wanke mata kai tas. Kailani yana kallon ruwan yana ƙarewa.

Rana ta take sosai sa'ad da Mai Igiya ya iso. Ya bi lambatun daga farko har ƙarshe, yana ƙwanƙwasa simintin da sanda, awaki suna tashi suna ba shi hanya. Fuskarsa ta yi ja. Ya dawo ƙofar Kailani ya zauna, yana share wuya, yana waige-waigen randunan da ya gani wancan zuwan. Kailani ya leƙa cikin gida, ya ce da muryar da shi kansa bai yarda da ita ba, "A kawo wa baƙo ruwa."

Inna ce ta fito. Ba ƙoƙo a hannunta. Randar gidan take mirginowa a kan gindinta, har ta kawo ta gaban Baturen, ta karkata masa bakinta.

"Sannu da zuwa, Nasara. Babu."

Kailani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A gidansa, a gaban maƙwabta, an ce wa baƙo babu ruwa. Nagoda ya sunkuyar da kai yana karanta wani abu a ransa.

"Salmanu ɗan Larai," in ji Inna, "in Hausarsa ba ta kai ba ka ƙarasa masa. Ruwan da ya gani rannan na saye ne, randunan na aro ne. Kunya ce ta sa su, don haka muka tarbiyyantar da su, laifin namu ne. Matar ɗana za ta haihu kafin ruwa ya sauka. Wankan jego kwana arba'in ne, safe da yamma, da tafasasshen ruwa. Ka tambaye shi da me za a yi."

Salmanu ya fassara, yana danne dariya har kafaɗunsa na rawa. Baturen ya leƙa randar, ya dubi lambatunsa, ya juyo ga Kailani.

"Mai Unguwa, na tambaye ka."

"Ka tambaya, ranka ya daɗe."

"Ka ce sai godiya."

"Ai godiyar ba ƙarya ba ce, ranka ya daɗe," in ji Kailani da ƙaramar murya.

Mai Igiya ya yi wata gajeriyar dariya ta wanda ƙishirwa ta dama. Ya ce kason bana ya ƙare, ba shi da ikon ƙirƙiro wani. Sai an tara harajin kaka an zauna sabon kasafi. Zai sa layin a gaba, amma ba shi kaɗai ke yankewa ba, kuma Hanwa ma tana jira. Ya hau basukur ɗinsa ya tafi neman ruwa a bariki.

Mutane suka watse. Kailani ya zauna a zaure shi kaɗai, hannu a kan keken ɗinki, bai taka ba. Ya sha kunya a gaban jama'a, rijiya kuma babu, sai wani alkawari mai ƙafa ɗaya. Inna ta gani da idonta, ba sauran abin da zai rufe. Baƙin ciki ya cika shi. Ya tashi ya kwance jakin, ya gyara masa akumari, ya shiga don ya ce wa Inna an shirya.

Ba ta ɗakin Sakinatu. Ƙyauren ɗaki na uku a buɗe yake, ƙadangaru suna fitowa a guje, tsintsiya tana binsu.

"Wannan ƙyauren yana kuka, a sa masa mai," in ji Inna daga ciki. "Tagar kuma wa ya ce a yi ta can sama, kamar ta kurkuku? Ka kora jakin nan Birni, ka ce a ɗoro masa adudun kayana da babbar tukunyar wanka."

Kailani ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ai ba a zura guga ba."

"Ina da ido. In na tafi, wa zai riƙa ce musu babu? Ku da an tambaye ku sai godiya. Jikana ba zai yi wanka da sai godiya ba."

Ya juya fuska wajen bango, ya goge ido da hannun riga. Inna ta yi kamar ba ta gani ba, ta jingine tsintsiya, ta karkaɗe hannuwanta, ta dubi inuwar katanga.

"Azahar ta kusa. Akwai ruwan alwala a gidan nan?"

Bakinsa ya riga ya ɗauko amsar da ya saba. Ya haɗiye ta.

"Babu, Inna."

"To, ɗauki garwa."

Ya ɗauki garwa biyu da sanda, ya fita. A bakin ƙofa wani bunsuru ya ɗago kai daga cikin lambatu ya dube shi. Kailani ya tsallake shi ya gangara Kubanni, rana tana dukan ƙeyarsa, yana dariya shi kaɗai.